Bolar Gidan Haya: Wa Ya Tara, Wa Zai Kwashe?

Mu da muka tashi a gidan limanci mun san cewa ba kullum ne maganar gado ko ta aure ke kawo mutane zauren malam ba. Sau da yawa abin da ke sa magidanta biyu su zo suna huci bayan an idar da sallar Asuba bai wuce ruwan wanke-wanke da aka watsa a ƙofar ɗakin wani ba, ko kwandon shara da ya kwana uku a tsakar gida ba a san mai shi ba, ko kuwa tunkiyar da ta mutu aka farke cikinta aka tarar da leda. Akan yi nasiha, a ba juna hannu, a watse. Bayan mako biyu sai a sake dawowa, domin an sasanta mutanen amma ba a taɓa sharar ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ɗauki unguwa guda, wato Zogbeli ta birnin Tamale a arewacin Gana, mu duba yadda shara ke taruwa a gidan haya, da yadda mazauna gida za su iya rage ta tun kafin ta fita ƙofa. Mai karatu na Yamai ko Maraɗi ko Wagadugu ko Lome zai ga cewa sunan unguwar ne kaɗai ya bambanta da tasa.

Gida ɗaya, murhu goma

Tamale gari ne da ya girma da sauri. A shekarar 1907 Turawan Ingila suka mai da shi hedikwatar mulkin yankunan arewa, kuma a ƙidayar 2021 an sami mutum 374,744 a ƙarƙashin majalisar birnin kaɗai, ban da mutanen Sagnarigu da aka cire daga jikinsa a 2012, waɗanda su ma sun haura 340,000. Zogbeli tana cikin tsofaffin unguwannin da ke kewaye da tsakiyar gari, ba ta da nisa da kasuwar Aboabo. Dagombawa ne mafi yawan mazaunanta, Dagbanci ne harshen tsakar gida, Hausa kuwa tana nan a bakin 'yan kasuwa da malamai da baƙin da suka taso daga zango-zango. Ginin gidajen kusan iri ɗaya ne: ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, ƙofar shiga ɗaya, makewayi ɗaya ko biyu, famfo ɗaya idan an yi sa'a. Ƙidayar 2010 ta nuna cewa a wancan lokaci fiye da rabin matsugunan iyalai a Gana a cikin irin wannan gida suke.

A da, gida irin wannan na dangi ne. Akwai maigida, wanda Dagombawa ke kira yili yidana, maganarsa ta isa. Akwai uwargida da ta san wadda ke da girki da wadda ke da shara. Yau da yawa daga cikin ɗakunan sun koma haya. A gida ɗaya za ka sami tela da iyalinsa, da ma'aikaciyar jinya, da direban keken yalo-yalo, da ɗalibai uku na jami'ar UDS ko na Jami'ar Fasaha ta Tamale da suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki guda. Kowa da murhunsa, kowa da lokacin fitarsa, babu wanda ke da ikon tsawata wa ɗan wani. Shi kuwa mai gidan, sau da yawa ya karɓi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, duk da cewa dokar haya ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da na wata shida ba, ya koma sabon gininsa a bayan gari. Wanda ya biya kuɗin shekara biyu ba ya iya tashi don wari ya dame shi. Dole ya zauna, Hausawa kuma sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa.

To, nawa ce sharar da ake saɓawa a kanta? A shekarar 2015 Kodwo Miezah na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon awon da suka yi wa sharar gidaje a faɗin ƙasar. Sun gano cewa a matsakaici mutum ɗaya yana fitar da kilo 0.47 a rana, ƙasar baki ɗaya kuwa tan 12,710. Kashi 61 cikin ɗari abu ne mai ruɓewa, kamar ɓawo da ganye da ragowar abinci. Kashi 14 leda ce da roba. Sauran kuwa takarda ce da ƙarfe da kwalba da tsumma da ƙasa da toka. Sun kuma nuna cewa arewa ba ta kai kudu yawan shara ba. Bari mu yi wa kanmu rangwame mu ɗauki kashi biyu cikin uku na wannan awo. Gida mai ɗaki 12 da mutum 40 zai fitar da kilo 12 da ɗoriya kullum, wato sama da tan 4 a shekara, dukkansu ta ƙofa ɗaya, kuma yawanci a kan yara mata.

Abin da ya kamata mai karatu ya tsaya a kansa shi ne, fiye da rabin wannan kaya yana da mai so. Ɓawon doya da na ayaba abincin akuya ne. Toka da kashin tumaki abincin gona ne. Gwangwani da tsohuwar tukunya kuɗi ne a hannun ɗan gwangwan. Abin da ke mai da su bola shi ne cakuɗawa. Da zarar an zuba ɓawon doya da ledar miya da fasasshiyar kwalba da ƙunzugun jariri a bokiti ɗaya, an kashe amfanin dukkansu: akuya ba ta ci lafiya, manomi ba ya so, ɗan gwangwan sai ya tura hannu cikin ƙazanta kafin ya sami nasa. Dalilin cakuɗawar kuwa a fili yake. A gidan haya kowa ɗakinsa ne nasa. Bokitin da ke bakin ƙofa ba shi da mai shi, saboda haka burin kowa shi ne abin ya bar ɗakinsa da sauri, inda ya faɗa kuma ba ruwansa.

Kakanninmu ba su san wannan cakuɗa ba. A Kano, shekaru aru-aru, jakuna kan shigo birni da itace da hatsi, su fita da mangalar taki, wato toka da kashin dabbobi da sharar tsakar gida, zuwa gonakin da ke kewaye da ganuwa. Da wannan taki ne aka riƙa noma waɗannan gonaki kowace damina ba tare da an bar su sun huta ba, abin da ya ja hankalin masana irin su Michael Mortimore tun shekarun 1960. Manoman ƙauyukan da ke kewaye da Tamale su ma sun daɗe suna karɓar sharar gari don gonakin masara. Leda ce ta zo ta ɓata wannan ciniki. Yanzu wanda aka juye wa mota guda ta bola a gona sai ya biya yara su tsince leda da kwalba, abin da ya saura kuma ya binne a ƙasa ya tare wa ruwa da saiwa hanya shekara da shekaru.

Baƙar leda

Mai karatu ya ƙirga ledar da ke shiga ɗaki ɗaya daga safiya zuwa dare. An aiki yaro sayen koko: koko a leda, sukari a leda, ƙosai a leda, sa'an nan a haɗa su duka a baƙar leda. Da rana shinkafa da wake, wadda mutanen Gana ke kira waakye, ita ma a leda ko a farar robar nan mai kama da soso da ake ce wa tekawe. Da yamma tumatir da tattasai da kifi da gishiri, kowanne da tasa. A kan wannan ga ruwan leda, wato fiya-wata, mai cin rabin lita, guda 30 a jaka. Idan mutum 40 na gidan da muka misalta kowa ya sha huɗu a rana, an sami leda 160. A shekara kuwa 58,400.

A nan sai mu yi adalci. Mai sauƙi ne mutum ya hau mumbari ya ce a daina shan ruwan leda, amma wanda ya san Tamale da rani ba zai faɗi haka ba. Ruwan famfon gari daga kogin Farar Bolta ake janyo shi a Nawuni, a tace shi a Dalun, kuma ya daɗe bai wadatar da garin da ke ƙaruwa kullum ba. Idan famfo ya ƙafe kwana da kwanaki, mata da yara suka bazu da jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ake yi wa laƙabi da galan ɗin Kufuor, ruwan da za a samo na tanka ne ko na rijiya ko na dam, ba a san tsabtarsa ba. Uwar da ta saya wa jaririnta ruwan leda a wannan hali ta yi hankali. Tambayar ita ce ina ledar za ta bayan an sha.

Hanya uku take bi. Ta farko cikin dabba. A Zogbeli, kamar sauran unguwannin Tamale, tumaki da awaki sakinsu ake yi su nemi abinci a lungu. Ledar da aka zuba miya ko mai tana ɗauke da ƙanshi da gishiri, dabba ta haɗiye ta, tumbi kuma ba ya narkar da ita. Tana taruwa ta dunƙule, dabbar ta riƙa jin ciki a cike alhali yunwa na cinta, ta rame, gashinta ya tashi, mai ita ya yi ta sayen maganin tsutsa a banza. Duk mahaucin da ka tambaya zai gaya maka irin curin da yake cirowa daga tumbi. Magidancin da ya yi wata takwas yana kiwon ragon layya, ragon ya faɗi saura mako uku Salla, ledar maƙwabcinsa ce ta ci masa dukiya, ko kuma tasa.

Ta biyu wuta. Mata da yawa da leda suke hura gawayi domin tana kamawa da sauri, wasu kuma su tara shara a bayan ɗaki su cinna mata wuta da magariba. Roba idan ta ƙone a ƙaramar wuta irin wannan tana fitar da baƙin hayaƙi mai guba, wasu nau'o'inta har da sinadarin da likitoci ke kira dayoksin, wanda ke taruwa a jiki. Da hunturu, lokacin da ƙura ta riga ta cika ƙirji, wannan hayaƙi ne ke shiga tagar tsoho mai tari da yaro mai asma. Addininmu ya girmama haƙƙin maƙwabci ƙwarai, mu kuwa mun taƙaita shi ga aika kwanon abinci ranar Salla, mun manta da hayaƙin da muke aika masa kullum.

Ta uku kwata. Daminar Tamale ɗaya ce, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Akwai wata mummunar al'ada da kowa ya sani amma babu mai amsa ta: da hadari ya haɗo ruwa ya sauko, sai a fito da bokitin shara a juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ruwa kuwa ba ya kai ta ko'ina sai ƙofar mutumin da gidansa ke gangare. Kwatar da ta toshe tana haifar da sauron da ke hana barci, ruwan da ya malalo ya kwanta a lungu kuma shi ne gidan sauron zazzaɓin cizon sauro. Gana ta ga abin da ya fi wannan. A 2014 kwalara ta kama sama da mutum 28,000, fiye da 200 suka rasu, mafi yawa a Akra. Ranar 3 ga Yunin 2015 ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a dandalin Kwame Nkrumah na Akra, kimanin mutum 150 suka halaka, kuma magudanan da leda ta toshe suna cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi.

Hukumomi ba su yi shiru ba. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya a 2017. Nijar da Burkina Faso sun yi nasu dokokin a 2014, sai dai mai karatu na Maraɗi ya fi mu sanin abin da ake ƙulla masa tumatir a ciki idan ya je kasuwa. A Gana, bayan kwalarar 2014 aka ware Asabar ta farkon kowane wata don gayyar tsabtace gari, kuma a watan Yunin 2025 Shugaba John Mahama ya bayyana niyyar hana shigowa da robar tekawe da ƙera ta. A Tamale majalisar birni da kamfanoni irin su Zoomlion, wanda aka kafa a 2006, suna ajiye manyan kwantenoni a unguwanni su kwashe su zuwa jujin Gbalahi da ke bayan gari. Tsofaffinmu suna tuna zamanin duba-gari, wanda a Gana ake kira samansaman saboda sammacin da yake rabawa, mai shiga gida ya leƙa randa. Duk wannan yana da amfaninsa. Amma mota tana kwashe abin da aka riga aka cakuɗa ne, doka kuma a bakin ƙofa take tsayawa. Tsakar gida sai mazaunanta.

Yarjejeniyar tsakar gida

Wani zai ce 'yan haya ba sa haɗa kai. Mu kuwa mun ga suna haɗawa kowane wata, a kan kuɗin wuta. A gidan da mita ɗaya ce, an daɗe da ƙirƙiro lissafin maki: ƙwan lantarki maki ɗaya, fanka kaza, firji kaza, dutsen guga kaza. A tara makin gida, a raba kuɗin, kowa ya biya gwargwadon abin da ya kunna. Akan yi gardama, akan zargi wani da ɓoye hita a ƙarƙashin gado, amma a ƙarshe ana biya, domin kowa ya san idan ba a biya ba duhu zai game gidan duka. Mutanen da suka iya wannan lissafi ba za su kasa tsara bokiti huɗu ba. Bambancin kawai shi ne duhu yana zuwa a dare ɗaya, cutar bola kuwa a hankali take zuwa, kuma kan yara take fara sauka.

Kafin a tsara komai akwai wata magana da ba a so a faɗa. A mafi yawan gidajen haya, sharar tsakar gida da wankin makewayi a kan matan aure ake raba su, bi da bi. Gwauro da ɗalibi sun tsira, wai su ba su da mata. Alhali kuwa wanda ba ya girki shi ya fi kowa shigo da leda da tekawe, tunda safe da rana da dare a waje yake saye. Wato wanda ya fi tarawa shi ne ba ya kwashewa, wadda ta dafa a tukunya ta zuba a kwano ita ce ke sunkuyawa ta tsince bayansa. Wannan zalunci ne, ko da an saba da shi. Matar wani ba baiwar gida ba ce, tsintsiya kuma ba ta taɓa rage wa namiji daraja ba. Mu da muka yi makarantar allo mun share tsakar makaranta kafin mu iya wanke allo. Rabon aiki na ɗaki ne. Ɗakin da ba zai iya shara ba saboda fitar asuba, ya biya a sa wani, ko ya ɗauki kai kaya kwantena.

Zaman da za a yi wannan magana ba ya bukatar mai gida, ko da yake in ya zo ya fi. Wanda ya fi daɗewa a gidan ko wanda ya fi shekaru ya tara jama'a bayan sallar La'asar ranar hutu, maza da mata, domin idan aka yanke hukunci a kan shara babu mata a wurin, an yi aikin banza. A rubuta abin da aka amince, da harshen da kowa ke karantawa, a manna a zaure, sabon ɗan haya kuma a karanta masa ranar da ya sauke kaya. A kuma amince tun farko cewa wanda aka tuna wa ranarsa ba zai ɗauke shi raini ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Rarrabe shara ba baƙon abu ba ne a gidan Musulmi, ko da yake ba mu ba shi wannan suna ba. Babu yaron da ya kai shekara bakwai da zai jefa takarda mai ayar Alƙur'ani a bola. Ya san ana ɗaga ta, a tara, a ƙona ta a wuri mai tsarki ko a binne. Ruwan wankin allo ba a zuba shi a kwata. Uwa ta san tsumman najasa ba ya haɗuwa da kayan salla. Hannun da ya saba da wannan tsayawa ta daƙiƙa ɗaya kafin ya jefar, shi ake so ya ƙara tsayawa a kan ɓawon doya.

Bokiti na farko na dabba ne, kuma shi ya fi sauƙi, domin da wuya ka sami gida a Zogbeli da shi ko maƙwabcinsa ba sa kiwo. Ɓawon doya da na ayaba da dusa da ganyen da aka tsinke, a zuba su a wuri ɗaya ba leda ba tsinken tsire, mai dabba ya ɗauka kullum da yamma. Ɓawon rogo kam a shanya shi ya bushe tukuna, domin ɗanyensa yana iya yi wa dabba illa. Na biyu na gona ne: toka bayan ta huce sarai, da ƙasar shara, da kashin tumaki da na kaji, da abin da dabba ba ta ci. Waɗannan su ne masu nauyi, su ke karya wuyan yarinyar da ake ɗora wa kwando. Gidan da ke da ɗan fili a baya ya haƙa rami, a riƙa zuba ɗanye a rufe da busasshe da ɗan toka, a yayyafa ruwa ya yi danshi ba jagab ba, a juya shi duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙar ƙasa marar wari. Gidan da aka shafe da siminti ko'ina, a tara a buhu. Mutanen Tamale da yawa ma'aikata ne da rana manoma ne da damina, kuma a tsadar takin zamani ba za a rasa mai zuwa da babur mai ƙafa uku ya kwashe ba, har ya yi godiya da ɗan buhun masara da kaka.

Na uku na sayarwa ne. Masu sayen tsohon ƙarfe suna yawo lungu-lungu, kuma 'ya'yan arewa sun san wannan sana'a ciki da waje, tunda su ne suka cika kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie a Akra kafin a rushe ta a Yulin 2021. Ledar fiya-wata ita ma ana sayenta a kan sikeli idan tana da tsabta kuma a bushe take, a narkar da ita a sake ƙera wani abu. Ta ɗaki ɗaya ba ta kai a ɗora a sikeli ba, ta gida duka kuwa tana cika buhu. A rataye buhu ɗaya a inuwa kusa da ƙofa, inda akuya ba ta kaiwa. Kuɗin ba su da yawa, kada wani ya sa rai, amma sun isa sayen tsintsiya da sabulun makewayi, kuma sun isa su sa yaran gida su riƙa tsince ledar da kansu. A ba mace riƙon wannan asusu. Masu adashi sun fi mu sanin yadda ake ajiye kuɗin jama'a.

Su kuma ɗalibai da masu koyon sana'a da ke kwana uku ko huɗu a ɗaki ɗaya, nasu gyaran ya fi na kowa riba, domin abin da ke rage musu shara shi ne ke rage musu kashe kuɗi. Mutum huɗu da kowa ke sayen abincinsa a ƙulle suna biyan kuɗin leda da wahalar mai dafawa sau goma sha biyu a rana. Idan suka haɗa kuɗi farkon wata suka shiga Aboabo da buhu da jarka, suka auno shinkafa da wake da garin masara da mai, tukunya ɗaya da murhu ɗaya sun ishe su. Tuwon dare ya zama ɗumamen safe, ƙanzo ma ba a zubar da shi. Abin da ke rusa irin wannan haɗaka sananne ne: wani ya ci bai wanke ba, wani ya kawo baƙi kullum, wani kuɗinsa sai tsakiyar wata. Waɗannan a faɗe su tun ranar farko, da sauran kunya da fara'a, kada a bari sai an fara ɓoye cokali.

Ga iyali kuwa, babu abin da ya kai a koma wa kwano. A ba yaro kwano mai murfi ya je sayen koko, kamar yadda aka aike mu da shi. Mai koko ba ta ƙi ba, tunda ledar ma saye take yi, zuba abu mai zafi a leda kuma ba alheri ba ne ga cikin mai sha. Uwargida ta riƙe kwando ko jakar buhu idan za ta kasuwa. Ruwan sha na cikin gida ana iya tafasa shi ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa a zuba a randa mai murfi da moɗa ɗaya, a bar ruwan leda don tafiya da lokacin larura. Ƙungiyar Pure Home Water da aka kafa a Tamale a 2005 ta yaɗa tukunyar yumɓu mai tace ruwa a wannan yanki, wadda ke zama cikin bokiti ruwa na ɗiga a hankali. Shi kansa ruwan ana iya cin moriyarsa sau biyu. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, wanda a ƙiyasin mafi yawan malamai bai kai lita guda ba. Bokitin nan mai famfo da Veronica Bekoe, wata masaniyar kimiyya 'yar Gana, ta ƙirƙiro don wanke hannu, ya dace da alwala: ruwa na zuba kaɗan-kaɗan, kwano a ƙasa na tarewa, a ɗauka a ba zogale ko a kwantar da ƙura kafin shara.

Ranar da duk wannan tsari ke rushewa ita ce ranar taro. Suna ɗaya ko walima ɗaya ko sadakar bakwai tana barin abin da gidan bai tara a wata guda ba, domin yanzu an mai da rabon tekawe alamar arziki, kowa ya tafi da nasa, rabin shinkafar kuma a bola take kwana. Haka watan azumi, da ledojin zoɓo da lamurje da ƙanƙara. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta hana ɓarna a ci da sha, kowa ya haddace ta, amma mai biki tsoron bakin mutane ya fi damunsa. Wannan ba abu ne da gida ɗaya zai iya shi kaɗai ba, sai magajiyoyin ƙungiyoyin mata sun sa baki. Ƙungiyar da ke iya ɗinka anko ga mace ɗari tana iya sayen faranti ɗari da manyan tire da kofuna, ta riƙa bayar da aro ko haya mai rahusa, 'yan mata su wanke a mayar, kamar yadda ake yi da kujeru da rumfa.

Bayan an cire na dabba da na gona da na sayarwa, abin da zai saura don kwantena kaɗan ne, amma shi ne mai haɗari: ƙunzugun jarirai na zamani da ake kira famfas, da fasasshiyar kwalba, da reza, da mataccen batir, da ragowar magani. Kwalba da reza a sa su a gwangwani a toshe baki saboda hannun mai kwasa. Batir kada ya shiga wuta, kada ya shiga ramin taki. Famfas a ƙulle shi tam, kuma babba ya kai, domin bakin kwantena ya fi ƙarfin tsayin yaro, shi ya sa za ka ga shara zube a gindinta ita kuwa cikinta da saura.

Akwai kuma abin da kunya ke hana faɗa. Gidaje da dama ba su da bayan gida, wasu ma an mai da wurinsa ɗakin haya. Da dare, lokacin da na gwamnati ya yi nisa ko an rufe shi, baƙar leda ce ke ɗaukar larurar yara da marasa lafiya, da safe kuma ta bi sauran shara. Leda ɗaya irin wannan ta isa ta ɓata buhun taki, ta kuma kai ƙwayar kwalara da taifot kwata. Wannan nauyi a wuyan mai gida yake, kuma lokacin da ɗan haya ke da baki a kansa ɗaya ne tak, wato kafin ya miƙa kuɗin shekara. A ranar ne ake neman a ga makewayi da ido, a tambayi inda ruwan wanka ke fita da inda gidan ke kai shara. Idan kuma lokacin sabunta haya ya zo, 'yan hayar su je wurinsa tare, su nemi a cire kuɗin ginin bayan gida daga abin da za su biya, a rubuta a takarda, mai unguwa ko limamin masallacin lungu ya sa hannu a matsayin shaida.